Yaɓen Amya da Liƙin Gidan Tururuwa

Idan kaka ta wuce, iska ta juya a ƙauyukan da ke gefen dajin Zugurma, mai zuma yakan sami inuwa ya zauna da damin ciyawa ya saƙa amya. Yana gamawa sai ya kwaɓa ɗanyen kashin shanu, wani lokaci da ɗan yumɓu, ya bi jikinta da tafin hannu har sai an daina ganin kafar saƙa. Daga nan ba ya gaggawa. Zai jingine ta ta sha rana kwana da kwanaki, ta bushe ƙayau, warin ɗanye ya fita, sannan ya turara cikinta da abin da zuma ke so, ya rufe bakin da faifai ko sakaina mai 'yan ƙofofi, ya hau kaɗanya ko ɗorawa ya ɗaure ta tsakanin rassa. Wanda ya tambaye shi dalilin wannan jira zai sami gajeruwar amsa: zuma ba ta shiga ɗakin da ke wari.

Zuma dai tana da zaɓi. In amya ba ta yi mata ba, sai ta tashi ta nemi kogon maje ko na kirya. Tururuwar da aka sa a gidan gilashi ba ta da wannan gata, kuma a nan ne batun abin liƙi ya zama na rai da mutuwa.

Wani zai yi dariya ya ce wa zai gina wa tururuwa gida, alhali kullum faman korarta ake yi daga rumbu. Akwai su. Malamin kimiyya a makarantar sakandare, da yake son ɗalibansa su ga sarauniya da ƙwai da tsutsa da idonsu maimakon zanen allo, yana cikinsu. Haka ɗalibin Kwalejin Kula da Namun Daji ta Tarayya da ke Sabuwar Bussa, ko yaron da ya ga abin a waya ya ce shi ma sai ya gwada. A waje kuwa abin ya zama kasuwa mai kuɗi. A watan Afrilun 2025 hukumomin Kenya suka kama wasu samari biyu 'yan ƙasar Beljiyam da sarauniyoyin tururuwa kimanin 5,000, an zuba su cikin ƙananan bututai sama da 2,000 an toshe da auduga, za a kai wa masu kiwo a Turai da Asiya. Kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko zaman wata 12 a gidan yari. Irin da suka ɗauko 'yar uwar tururuwarmu ce mai jan hatsi, wadda kakanni suka riƙa tona gidanta a shekarun yunwa don su sami abin sa wa a tukunya.

Tun da an ambaci kotu, gara a faɗi wannan tun yanzu. Dajin Zugurma da ke ƙaramar hukumar Mashegu, a ƙasar Sarkin Sudan na Kontagora, ɓangare ne na Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 bayan an haɗe Zugurma da gandun Borgu. Daga cikin murabba'in kilomita kusan 5,340 na gandun, Zugurma ke da wajen 1,370. Ɗaukar wani abu mai rai daga ciki ba da izini ba laifi ne, kome ƙanƙantarsa. Ba a ma buƙatar shiga. Gindin katangar makaranta da bakin masussuka cike suke da tururuwa.

Abin da ya sa ƙwaron nan bai jure wa abin da mutum ke ɗauka ba kome ba, a jikinsa yake. Tururuwa ba ta da huhu. Iska tana shiga ta wasu 'yan ƙofofi da ke gefen jikinta, ta bi siraran hanyoyi kai tsaye zuwa tsoka, don haka duk tururin da ya cika ɗakin da aka rufe ta ciki ya riga ya isa cikinta. Ga ta da lasa. Tana lasar ƙafafunta, tana tsefe ƙahonninta biyu da take sansana da su, tana lasar ƙwai da tsutsa dare da rana don kada funfuna ta kama su, sannan ma'aikata suna ɗura wa juna abinci baki da baki har ya kai ga sarauniya. Abin da ƙafar guda ta taka a lungu, kafin a jima ya zagaye gidan. Kuma da ƙamshin jiki suke gane ɗan gida da baƙo. Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Gaskiyar magana, da wannan warin yake tantance nasa, kuma wani baƙon wari mai ƙarfi yana iya rikita gida ko da bai kashe kowa ba.

Waɗanda suka fara wannan sana'a ba su da gam na zamani ko ɗaya, kuma sun yi nasarar da har yau ake ambato. John Lubbock, wani ma'aikacin banki kuma ɗan majalisa a Ingila, ya riƙa jera gilashi biyu, ya raba su da siraran katako a gefe, ya zuba ƙasa mai laushi a tsakani, ya kewaye abin da ruwa don kada su gudu. A irin wannan gida wata sarauniya ta rayu a hannunsa daga 1874 har 1888. Bafaranshe Charles Janet ya zo da dabarar zuba farar hodar nan da ake kwaɓawa ta daskare, ya sassaƙa ɗakuna a jikinta ya ɗora gilashi, ya kuma nuna aikinsa a babban bajekolin Paris na 1900. Sai a 1956 Milton Levine na Amurka ya mayar da abin kayan wasan yara na roba, aka sayar da sama da miliyan 20. Wannan hoda ta Janet ita ce fi-o-fi da masu silin ke aiki da ita yau a Kontagora da Minna, kuma har gobe tana cikin mafi kyawun abin da talaka zai gina gidan tururuwa da shi, saboda tana shan ruwa ta riƙe danshi kamar randa.

To, an zuba fi-o-fi, an yanko gilashi wajen masu tagar alminiyam. Da me za a haɗa su?

Amsar da kowa zai fara bayarwa ita ce silikon, farin danƙon nan ko garai-garai da ake matsowa da bindiga. Amsar ba ta ɓaci ba, amma ba ta cika ba, domin abin da ake kira silikon a shago ba iri ɗaya ba ne, ko da kwalayen sun yi kama. Idan ya gama bushewa, tsantsar silikon na cikin abubuwan da ba sa cutar da mai rai. Shi ya sa ake yin kan bulumbotin jarirai da wasu kayan asibiti da danginsa, ake kuma haɗa gidajen kifi na gilashi da shi. Matsalar tana wuri biyu: abin da yake fitarwa yayin da yake bushewa, da abin da masana'anta suka ƙara masa.

Na farkon hanci ma yana ganewa. Akwai mai warin tsami, wanda in an matso shi yake bugun hanci kamar ruwan khal. Asid ɗin khal ɗin ne kuwa yake fita, kuma da zarar ya gama fita shi ke nan, ba ya barin kome. Akwai kuma wanda ba ya wannan tsamin, wanda mai shago zai yaba ya ce ai wannan ba ya wari. Shi ma yana fitar da nasa tururin, wani na dangin barasar katako, wani kuma wani sinadari ne mai ɗan daɗewa kafin ya washe, sai dai hancin mutum bai cika damuwa da su ba. Abin mamakin shi ne mai warin ya fi aminci ga wannan aiki, saboda shi ne ke gaya wa mai shi ranar da ya gama. Yawancin silikon da aka yi musamman don gidan kifi daga wannan dangi yake.

Na biyun hanci ba ya kama shi, kuma shi ne mai kisa a ɓoye. Silikon da aka yi don banɗaki da kicin, wanda ake talla da cewa ba ya yin baƙi, an cuɗa shi da maganin kashe funfuna. An yi maganin ne ya riƙa tsattsafowa sannu a hankali duk lokacin da danshi ya taɓa shi, wata da watanni, don haka jira ba ya raba shi da shi. Masu kiwon kifi sun daɗe da sanin cewa irin wannan yana kashe musu kifi. Gidan tururuwa kuwa wuri ne mai danshi da gangan, kuma a kan wannan danshin ake shimfiɗa tsutsa marar ɓawo. Tarkon da ke nan yana da kyan gani: mai kiwon tururuwar hatsi babban abin da ke damunsa shi ne gero da ke tsirowa ko yin funfuna a ɗakin ajiya, sai ya ga kwali yana alkawarin hana funfuna, ya ce ai ga maganin. Mai wannan sharhi yana ganin babu kuskuren da ya fi wannan saurin aukuwa, domin mai yinsa yana ganin alheri yake yi.

Saboda haka karatun kwali ya zama dole, ko a nemi wanda zai karanta. Abin nema shi ne wanda aka rubuta cewa tsantsar silikon ne, ya kuma dace da gidan kifi. Sau da yawa har hoton kifi ake sa wa. Duk wanda aka ambaci banɗaki ko hana funfuna a jikinsa, a mayar wa mai shago abinsa. Mai arha sosai ma abin tuhuma ne, don ana sirka irinsa da mai na dangin kananzir a ƙara masa yawa, kuma shi ne wanda ke motsewa ya bar maiƙo a gefen gilashi. Jan nan da makanikai ke shafa wa gasket an yi shi ne don zafin inji, ba wanda ya auna shi da abu mai rai a ciki.

Akwai kuma abin da kwali ba ya faɗa wa mutumin Zugurma, saboda ba a nan aka rubuta shi ba. Silikon ba rana ke busar da shi ba. Danshin iska yake sha ya daskare, daga waje zuwa ciki. Lissafin da masana'antu ke bayarwa, na milimita 2 zuwa 3 a kwana ɗaya, an yi shi ne a ɗaki mai matsakaicin danshi. A tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, iska ba ta da ruwan da za ta ba shi, sai ya yi fata a sama cikinsa na nan ɗanye. Mutum ya taɓa ya ji ya bushe, ya zuba tururuwa ya rufe, tururin ya ci gaba da taruwa a ɗakin da bai fi akwatin ashana ba. Dabarar ita ce a shafa shi siriri, a ajiye shi a buɗe kusa da randa ko a rataya jiƙaƙƙen tsumma a gefensa, a ba shi mako guda cur ko fiye. Gwajin ƙarshe irin na mai amya ne: a rufe gidan ya kwana, da safe a buɗe a kai hanci. In an ji tsami ko kaɗan, da saura.

Sai dai mai tsamin yana da nasa aibi. Yana kama gilashi da gilashi kamar an haife su tare, amma asid ɗinsa ba ya shiri da siminti da danginsa, kuma a jikin fi-o-fi mai gari-gari ba ya daɗewa yake saki. Robar bokiti da ta mazubin abinci ma ba ya kama su da kyau. Wanda ya dage sai ya manna gilashi a kan fi-o-fi da shi, wata rana zai tashi ya tarar da layin tururuwa a bangon aji.

Sauran abubuwan da ke kan kantar mai shago ba sa buƙatar dogon shari'a. Gam ɗin masu takalma da kafintoci irin su Evo-Stik, da sholisho na masu faci, narkakke ne cikin sinadarai masu tashi sama, kuma kowa a Arewa ya san abin da shaƙar sholisho ke yi wa ƙwaƙwalwar saurayi mai kilo 60, balle halittar da ba ta kai ƙwayar dawa nauyi ba. Super Glue idan ya daskare ba shi da wata illa, amma tururinsa yana barin farin hazo a gilashi, ga shi da tsagewa in danshi ya daɗe a kansa; ɗigo ɗaya a waje ya wadatar, a kuma bar shi ya sha iska. Araldite mai kwalba biyu yana da ƙarfi, sharaɗinsa a auna biyun daidai a cuɗa sosai, in ba haka ba wani sashe zai zauna da danƙo har abada, kuma wannan danƙon guba ne. Farin gam na katako irin Top Bond ba ya cutarwa, ruwa ne dai ke mayar da shi kunu. Gam mai kama da kyandir da ake narkarwa da zafi ba shi da tururi, ya dace da toshe inda tiyo ya shiga bango, amma zafin bazara yana sassauta shi.

A nan ne mutum zai waiwayo gida ya tambaya, mu ba mu da namu? Muna da su, har da waɗanda suka fi silikon tsufa da ɗaruruwan shekaru. Magina na Kano da Zariya suna da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da yauƙin dafara, a shafe soro da shi ruwan sama ya zame. Akwai makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da mata ke yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi ya yi ja. Akwai ƙaro, akwai ƙaron maje da ake turare da shi, ga kakin zuma. Amma kasancewar abu na gargajiya bai wanke shi ba. Ɓawon ɗorawar da ake makuba da shi, shi ne masunta a wurare da dama suka riƙa zubawa a ruwa don ya bugar da kifi. Katsi toka ce mai kaifi da ta sha baba. Ƙaro abinci ne, ruwa yana narkar da shi, tururuwa kuma za ta cinye katangarta da kanta. Ƙaron maje ƙamshinsa ya yi yawa ga ɗaki rufaffe.

Biyu ne suka tsira daga wannan tankaɗe. Kakin zuma da aka tace sau biyu ko uku har zaƙin ya fita yana toshe ƙananan kafofi lafiya lau. Sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa, ko da yake yana laushi tun kafin nan in an bar shi a rana, kuma manyan tururuwa suna iya gutsurarsa. Sai yumɓu tsantsa, wanda aka ɗebo nesa da gonar da ake feshi. Shi ne kayan ginin da tururuwa ta sani tun fil azal. Yana tsagewa in ya bushe, amma gyaransa ɗan yatsa ne da ɗigon ruwa, kuma sau da yawa masu gidan ne za su riga mai kiwo gyarawa.

Kashin shanun ma da aka buɗe zancen da shi ya canza. Makiyaya yanzu suna yi wa shanu allurar ibamektin don tsutsar ciki da kaska, kuma tun 1987 masu bincike a Ingila suka nuna cewa ragowar maganin yana fita a kashi ya hana ƙwarin da ke cinsa rayuwa. Mai amya da ke ɗiba a garken da aka yi wa allura ko wankan kaska cikin makon nan yana da dalilin ya ƙara haƙuri ya nemi wani. Ga gidan tururuwa na gilashi kuwa kashin shanu ba shi da wuri tun farko, saboda danshi zai mayar da shi gonar funfuna.

Sau da yawa ma ana ɗora wa gam laifin da ba nasa ba. Guntun katakon da aka roƙo wajen kafinta mai yiwuwa an shafe shi da Solignum ko baƙin mai don gara. Jarkar da aka yanka ta taɓa ɗaukar maganin feshi, kuma roba tana riƙe shi ko an wanke da omo sau goma. Ɗakin da aka ajiye gidan ana kunna maganin sauro a cikinsa kowane dare, ko a yayyafa fiya-fiya a lungu. Mafi ban takaici shi ne tagar iska. Gida yana buƙatar inda zai yi numfashi, sai mai shi ya duba ya ga tsohon gidan sauro na rabon asibiti, ya yanko ƙyalle ya liƙa. Wannan raga an haɗa zarenta ne da maganin kashe ƙwari, an kuma yi shi ya jure wanki da shekaru. Ragar matacin shayi ta ƙarfe ita ce ta dace, ko tulin auduga da aka cusa da ƙarfi.

Wanda yake son ya ga yadda ake haɗa liƙi da numfashi a gini ɗaya, ba sai ya je nesa ba. A Mokwa, kudu da Zugurma, a shekarun 1970 wasu masana daga Ingila tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka yi shekaru suna nazarin gara. Ɗaya daga cikinsu, Mark Collins, ya buga bayanin surin yankin a 1979, kuma abin da ya tarar a ƙarƙashinsa ya ba duniya mamaki: wani faffaɗan faranti na laka a kan ginshiƙi, gidan duka yana zaune a kansa, a ƙasansa kuma siraran faifai na laka suna zagaye kamar naɗin gammo, ruwa yana tashi daga jikinsu yana sanyaya wurin. Duk wannan da ƙasa da yawu aka yi shi. Bangon suri yana hana ruwan sama da maƙiyi shiga, amma iska tana ratsa shi. A fasa shi da fartanya, kafin gari ya waye an toshe da sabuwar laka mai duhu. (Gara, a tuna, ba tururuwa ba ce, ta fi kusa da kyankyaso. Kuma irin wannan gara naman gwari take nomawa a cikin suri ta ci, don haka maganin funfuna a gare ta daidai yake da ƙona rumbu.)

A Mokwa ɗin dai aka yi nazarin yadda gwano ke fita a layi ya kai wa gara hari, aka buga a 1978. Shekaru kusan 40 bayan haka, Erik Frank da abokan aikinsa, a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa, suka gano cewa gwano yana ɗauko ɗan uwansa da ya ji rauni a fagen fama ya kai shi gida, a yi ta lasar raunin. Waɗanda aka hana wannan jinya kusan 80 cikin 100 suka mutu, waɗanda aka yi wa kuwa wajen 10 kacal. A 2023 suka ƙara nuna cewa in raunin ya ruɓe, gwano yana shafa masa wani magani da yake fitarwa daga wata jaka a gefen ƙirjinsa. Yawancin tururuwa suna da wannan jaka. Mai kiwo da ke tunanin sai ya taimaka musu da sinadari kafin gidansu ya tsabtata, ya raina masu gidan. Abin da suke nema a wurinsa shi ne ya kwashe ragowar abinci, ya bar sashe ɗaya a bushe, sashe ɗaya da danshi.

Zuma ma haka take. Duk kafar da ta gaza wajen milimita 6 tana cike ta da wani danƙo da take tarowa daga jikin itatuwa, wanda shi kansa yana kashe ƙwayoyin cuta. Wadda ta wuce milimita 9 kuma ta gina saƙa a ciki. Lura da wannan ne ya ba Lorenzo Langstroth na Amurka damar ƙera akwatin zumarsa a 1851. Masu akwatin zamani a jihar Neja da suka gane haka ba sa wahalar da kansu da fenti ko gam a ciki, suna barin zuma ta yi liƙinta.

Duk wannan yana kai mutum ga wata matsaya da mai sayar da silikon ba zai so ji ba: a mafi yawan gidajen tururuwa na gida, inda ƙwarin ke kwana bai kamata gam ya shiga ba sam. A zuba fi-o-fi a kan gilashin da za a yi amfani da shi, bayan an manna masa curin yumɓu a siffar ɗakuna da hanyoyi. In ya daskare a ɗaga, a ƙwaƙule yumɓun, a wanke. Fuskar da ta kwanta a kan gilashin za ta fito sumul, ta yadda in an mayar da shi ba kafar da ko kiyashi zai bi. Sai a matse su da zaren robar tsohon tif daga waje, ko da maƙallan takarda na ofis. Ribar wannan ita ce ranar da gida ya yi datti ana iya buɗewa a wanke. Silikon na gidan kifi sai ya koma inda ya fi iyawa, wato haɗa akwatin gilashin da ake zuba musu abinci, da zagaye bakin tiyo daga waje.

Nau'in tururuwar ma yana da ta cewa. Kiyashi yana bin kafar da ido bai gani ba, don haka shi ne ya fi gwada haƙurin mai liƙi. Tururuwar hatsi tana da muƙamuƙin da ke fasa gero, kuma fi-o-fi mai laushi ko siririn silikon ba sa gagarar ta in ta ƙudura. Manyan nan masu yawo da dare a jikin itace suna fesa wani asid idan sun firgita, wanda a kwalba marar iska yana iya hallaka su da kansu. Cinnaka tana harbi, kuma akwai mutanen da jikinsu ke kumbura sosai da harbinta, don haka ba ta dace da aji ba. Kwarkwasa kuwa ba a ma fara zancenta. Don hana hawa bango, hodar jarirai marar ƙamshi da aka dama da sifirit aka shafa a bakin akwatin tana sa ƙafarsu zamewa, ko a koma wa dabarar Lubbock da ta iyayenmu mata, a tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa.

Ga musulmin da ke wannan aiki akwai wani nauyi na daban. Sura guda a Alƙur'ani tana ɗauke da sunan tururuwa, wata da sunan zuma, kuma a hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas an ambaci su biyun cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Wanda ya tsare su don ilimi ya ɗauki amanar ci da sha da iskarsu. Shi ya sa gwaji da 'yan kaɗan ya fi zuba gida duka: a sa ma'aikata biyar ko goma a sabon gidan, da ɗigon ruwan sukari, a duba su kwana uku. In suna yawo suna tsefe ƙahonni, gida ya yi. In sun taru a bakin tagar iska, ko suna tafiya kamar masu maye, ko sun kwanta suna karkarwa, a fitar da su nan take a sake bincike, a fara da raga da katako kafin a zargi gam.

Lokacin aikin ma yanayi ya riga ya tsara shi. Sarauniyoyi suna fita ne da ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu a wannan yanki, washegarin ruwa mai ƙarfi, a gan su suna gudu a ƙasa bayan sun karya fukafukansu. Ba su ne shingen da yara ke tara a gindin fitila ba; shinge 'ya'yan gara ne, jikinsu a miƙe yake, sarauniyar tururuwa kuwa tana da ɗamammen ƙugu. A watanninta na farko ba ta buƙatar gidan fi-o-fi ko kaɗan. Bututun gwaji na ɗakin kimiyya, ko sirinji sabo da aka yanke wa kai, a zuba ruwa zuwa kashi ɗaya cikin uku, a tura auduga ta tare shi, a sa ta, a toshe bakin da wata audugar, a naɗe da takarda a ajiye a duhu. Malamin da ya zuba fi-o-fi ɗinsa ya haɗa akwatin gilashinsa tun cikin Fabrairu, kafin ma'aikatan farko su ƙyanƙyashe su cika bututun, gidan ya yi wata uku ko huɗu yana shan iska a kan taga.